Waiwaye: Korona da sharuɗɗan alawus ɗin marasa aiki a Ostireliya

Ranar Litinin 23 ga Maris, 2020, tun kafin a buɗe ofisoshin Centrelink, hukumar gwamnati mai biyan alawus, a Sidni da Melbon da sauran biranen Ostireliya, layukan mutane sun riga sun zagaye gine-gine. Masu girki a gidajen abinci, ma'aikatan otal, masu aiki a wuraren motsa jiki da sinima, duk dokar kulle ta raba su da abin yi cikin 'yan kwanaki. Shafin intanet na gwamnati, myGov, ya durƙushe. Ministan da ke kula da shi, Stuart Robert, ya fara cewa masu kutse ne suka kai hari, amma kafin rana ta faɗi ya lashe amansa, ya amsa cewa yawan masu neman agaji ne ya fi ƙarfin shafin.

Da yawa daga cikin waɗanda suka tsaya a layin nan ba su taɓa karɓar alawus ɗin rashin aiki ba. Ba su san cewa kuɗin yana tafe da igiya a wuya ba: sai ka nemi aiki sau 20 a wata ka kawo shaida, sai ka halarci ganawa da kamfanin sama wa mutane aiki da aka haɗa ka da shi, sai ka yi aikin da aka tura ka, in ka kuskure a tsayar da kuɗinka. Ba su kuma samu damar sani ba a lokacin, domin a makon nan gwamnatin Firaminista Scott Morrison ta dakatar da sharuɗɗan baki ɗaya. Cikin wata biyu adadin masu karɓar alawus ya ninka, daga kusan 800,000 zuwa kimanin miliyan 1.6.

Alawus ɗin kansa tsoho ne. An fara biyansa a 1945, a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar Leba, kuma tun ranar farko akwai sharaɗi: mai karɓa ya kasance yana da lafiyar yin aiki, yana son yi, yana kuma nema. A 1946 aka kafa hukumar gwamnatin tarayya mai sama wa mutane aiki, wadda aka fi sani da CES. A shekarun 1950 da 1960 sharaɗin bai dami kowa ba, tunda rashin aiki bai cika wuce kashi 2 cikin ɗari ba, kuma wanda ya rasa aiki yau, ba da jimawa ba zai samu wani. Sai tsakiyar shekarun 1970, da tattalin arziki ya tsuke, marasa aiki suka yawaita, sannan 'yan siyasa da jaridu suka fara yi musu kallon ci-ma-zaune. Wannan kallon ne ya haifi kusan duk dokokin da suka biyo baya.

A 1991 aka sauya wa alawus ɗin fasali, aka fito da Newstart, aka kuma ƙara tsananta binciken ko mutum yana nema da gaske. Amma shirin da Firaminista Paul Keating ya kawo a 1994, Working Nation, yana da wani abu da na bayansa suka rasa. Gwamnati ta ɗauki alkawarin sama wa duk wanda ya yi wata 18 yana karɓar alawus gurbin aiki, shi kuma wajibi ne ya karɓa. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan, kowane ɓangare da nasa nauyin.

Da John Howard ya hau mulki a 1996, ya zaftare kuɗin waɗannan shirye-shirye, ya bar wajibcin a kan mai nema. A 1997 aka kafa Centrelink domin biyan kuɗi, aka kuma fito da Work for the Dole, inda ake tura matasa marasa aiki yin wasu ayyukan al'umma a madadin alawus ɗinsu, ba da albashi ba. A watan Mayun 1998 aka rufe CES, aka miƙa aikinta ga kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji, gwamnati tana biyansu gwargwadon mutanen da suka shigo hannunsu da waɗanda suka samu aiki. Sunan tsarin ya yi ta sauyawa, Job Network, Job Services Australia a 2009, jobactive a 2015, amma ginshiƙin bai motsa ba. Kamfanin da ya kamata ya taimake ka samun aiki shi ne kuma ɗan sandan da zai kai rahotonka in ka makara. Da wuya mutum ya buɗe cikinsa ga wanda ke riƙe da abincinsa.

Maganar ƙidayar takardun neman aiki ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A 2014 gwamnatin Tony Abbott ta so ta mai da adadin 40 a wata. Waɗanda suka fi ɗaga murya har aka janye, ban da masu kare marasa galihu, su ne masu ƙananan sana'o'i, domin sun san abin da zai biyo baya: tulin takardu daga mutanen da ba su dace da aikin ba, waɗanda suka aiko don cika lissafi kawai. Aka tsaya a 20. Wanda ke zaune a ƙaramin gari mai shaguna ƙalilan, ina zai samo gurabe 20 kowane wata? Dole ya riƙa aikawa inda ya san ba za a kira shi ba. Lissafin yana auna biyayya, ba ya auna kusantar samun aiki.

A watan Yulin 2018 aka ƙara wani tsari na maki. In ka kasa zuwa ganawa ko ka gaza cika adadi, kwamfuta za ta tsayar da kuɗinka har sai ka je ka yi bayani, a kuma rubuta maka makin laifi. In makin ya kai biyar cikin wata shida, ka shiga matakin hukunci: a fara yanke rabin kuɗin mako biyu, sannan dukansa, daga nan a soke alawus ɗin, ka jira mako huɗu kafin ka sake nema. A yankunan karkara masu nisa, inda mafi yawan masu karɓa 'yan asalin ƙasar ne, wato Aborijin, shirin CDP na 2015 ya fi haka tsanani, domin ya ɗora musu aikin awa 25 a mako, kuma tarar da aka yi ta ci musu ta zarce ta sauran ƙasa nesa ba kusa ba.

Duk wannan a kan nawa? A ƙarshen Maris 2020, mutum ɗaya marar iyali yana karɓar dalar Ostireliya 565.70 kowane mako biyu, kimanin dala 40 a rana, a ƙasar da kuɗin haya kaɗai ke iya cinye fiye da rabin wannan. Tun 1994 ba a yi masa ƙarin da ya wuce na hauhawar farashi ba. Har ƙungiyar manyan 'yan kasuwa ta ƙasar ta ce kuɗin ya yi kaɗan. Shi kansa John Howard, a 2018, ya ce ya kamata a ƙara. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu.

Sai ga annoba. Ranar 20 ga Maris, 2020 Newstart ya koma JobSeeker, sauyin suna da aka shirya tun kafin cutar. Kwana biyu bayan haka Morrison ya sanar da ƙarin dala 550 kowane mako biyu, wanda aka fara biya ranar 27 ga Afrilu. Abin da aka shafe shekara 26 ana cewa ba zai yiwu ba, an kusan ninka shi a rana ɗaya. An kuma fito da JobKeeper, dala 1,500 kowane mako biyu da ake bi ta hannun masu ɗaukar ma'aikata don kada su sallami mutanensu. Ɗalibai 'yan ƙasashen waje da mafi yawan masu bizar wucin gadi dai ba su shiga ko ɗaya ba. A farkon Afrilu Morrison ya ce wanda ba zai iya riƙe kansa ba, lokaci ya yi da zai koma gida.

Ga tsofaffin masu karɓar alawus, watannin nan wani numfashi ne da ba su saba da shi ba. Binciken da ƙungiyar ACOSS, mai fafutukar kare masu ƙaramin ƙarfi, ta yi ya nuna mutane suna cewa sun daina tsallake cin abinci, sun sayi magani, sun biya bashin wuta da haya. Masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya sun gano cewa talauci ya ragu a tsakiyar 2020, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya shiga koma-bayansa na farko cikin kusan shekara 30.

Hutun bai daɗe ba. Ranar 9 ga Yuni aka fara dawo da ganawa da kamfanonin, ta waya ko intanet, ba tare da hukunci ba. A ƙarshen watan Morrison ya ce yana jin ƙorafi daga 'yan kasuwa cewa wasu suna ƙin karɓar aiki saboda alawus ya yi yawa, alhali a watan Yuli rashin aiki ya haura kashi 7 cikin ɗari kuma masu nema sun ninka guraben da ake tallatawa sau da yawa. Daga 4 ga Agusta aka ce a nemi aiki huɗu a wata, daga 28 ga Satumba takwas, tare da dawo da tsayar da kuɗi. Jihar Biktoriya ce aka ɗaga wa ƙafa har zuwa Nuwamba, saboda Melbon tana cikin kulle na biyu. Shi kuma ƙarin kuɗin aka riƙa yi masa yankan albasa: dala 250 daga ƙarshen Satumba, 150 daga 1 ga Janairun 2021, ya ƙare ranar 31 ga Maris. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ƙarin dindindin na dala 50 kowane mako biyu, wanda bai kai dala huɗu a rana ba.

Ƙarin dala 50 ɗin ma da farashinsa. Adadin neman aiki ya koma 15 a Afrilun 2021, ya koma 20 a Yuli. Gwamnati ta kuma buɗe layin waya inda mai ɗaukar ma'aikata zai kira ya kai ƙarar wanda ya ƙi karɓar aikin da aka ba shi. Masu suka sun nuna haɗarin da ke ciki: mace da ta je ganawa ta ga take-taken maigidan ba su kwanta mata ba, ko matashin da aka yi wa tayin albashi ƙasa da doka, yanzu in sun ce a'a, wanda suka guje wa shi ne zai kai ƙararsu. Da nau'in korona na Delta ya rufe Sidni daga ƙarshen Yunin 2021, an sake dakatar da sharuɗɗan a yankunan da ke kulle, amma ƙarin dala 550 bai dawo ba. An fito da wani tallafi dabam wanda aka gina a kan awannin aikin da mutum ya rasa, don haka wanda ba shi da aiki tun farko bai samu komai ba.

A ganina, jerin ranakun nan ya fi kowane jawabin minista bayyana abin da sharuɗɗan suke nufi. Lokacin da layin Centrelink ya cika da mutanen da kowa ya yarda ba laifinsu ba ne, an ɗage hukunci an ninka kuɗi. Da waɗannan suka koma bakin aikinsu, aka bar waɗanda dama can suke ciki, masu shekaru sama da 50, masu ciwon da bai kai a ba su alawus ɗin naƙasa ba, iyaye mata masu reno su kaɗai, sai zargi ya dawo inda yake. Gaskiya ne akwai mai ƙin aiki, kuma ba wanda ya ce a biya kuɗin jama'a ba tare da tambaya ba. Amma tsarin 1945 ma ya tanadi wannan, bai buƙaci maki da kwamfuta ba.

A watan Yulin 2022, bayan Leba ta Anthony Albanese ta karɓi mulki, Workforce Australia ya maye gurbin jobactive, bisa tsarin da gwamnatin baya ta riga ta ƙulla kwangilolinsa. Yanzu maki 100 ake tarawa a wata, takardar neman aiki ɗaya tana da maki 5, horo da ganawar neman aiki kuma da nasu makin. Kwamitin majalisa da Julian Hill ya jagoranta ya fitar da rahoto a Nuwamban 2023, ya ce miƙa aikin kacokan ga 'yan kasuwa bai yi nasara ba, ya ba da shawarar gwamnati ta dawo cikin harkar da kanta. A 2025 kuma ofishin mai sauraren koken jama'a na tarayya ya gano cewa tsakanin 2022 da 2024 an soke alawus ɗin mutum kusan dubu ba bisa doka ba, domin majalisa ta gyara dokar ta ce a duba halin da mutum yake ciki kafin a soke, amma ba a gyara kwamfutar da ke yanke hukuncin ba.