Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ka daina aika yaro kemis

'Yan uwa, abu ɗaya ne muke ta gani a wurin masu dashen ƙoda, a nan gida aka yi ko a Indiya ko Masar. Magani ya fara damun mutum, sai ya yi shiru, ya aika yaro kemis. Ranar ganin likita a auna jini, a tarar ƙodar ta fara gajiya.

Mun san magungunan nan da ake sha bayan dashe, don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, ba su da daɗi. Tacrolimus na sa rawar hannu da ciwon kai, yana ɗaga suga. Mycophenolate na kawo gudawa. Prednisolone na kumbura fuska. Ba ku kaɗai ba ne, kuma yawanci gyaran adadi ne kawai, in dai an faɗa da wuri.

Amma kai da rawar hannu da ciwon kai, maimakon ka kira asibiti, sai ka haɗiye diclofenac ko ibuprofen? Haba Malam! Waɗannan su ne ke rage jinin da ke shiga ƙodar, ga tacrolimus ma yana matse jijiyoyinta. Tari ya zo, a ba ka erythromycin. Ƙaiƙayi ya zo, a ba ka fluconazole. Dukansu suna hana hanta sarrafa tacrolimus, sai ya taru a jini ya zama guba. Gudawa ma haka take ɗaga shi, balle a zafin Sakkwato na Afrilu da jiki ke bushewa. Jiƙe-jiƙe da tsimi kuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki. Mai kemis bai san an yi maka dashe ba, kai ma ba ka faɗa masa ba. Ɗan uwanka ya ba ka ƙodarsa, a ƙona ta da maganin naira kaɗan?

Ga abin yi:
Tacrolimus a sha a kan lokaci, mai sau biyu awa 12 tsakani. Kada a tsaida shi ko a rage ba izini.
Ranar gwajin yawan tacrolimus a jini, a ɗebi jini kafin shan na safe.
Zazzaɓin da ya kai digiri 38 na Celsius, raguwar fitsari, amai ko gudawar da ta wuce yini guda: a tafi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a ranar.
Mace mai shan mycophenolate ta ga likita kafin ɗaukar ciki, yana illata jariri.
Azumi ma a tambaya tukuna.
Duk illar da aka gani a rubuta da kwanan wata, ma'aikacin lafiya zai cike fom ɗin kai rahoton illar magani ga NAFDAC.