Rel tirel ba hawa keke a kan layin dogo ba ne, don Allah

Kwanan nan duk inda ka leƙa, TikTok ne ko Facebook, sai ka ga Bature a kan keke ya ɗaure jakunkuna gaba da baya yana ratsa gonaki, a ƙasa an rubuta wai rel tirel. Har ta kai wani mai gabatar da shiri a rediyo ya fassara ta da "hawa keke a kan layin dogo", ya ɗora da jan kunnen matasa kada su kwaikwaya don jirgi zai iya bi ta kansu. Nasiha ce mai kyau, sai dai ba ta da haɗi da kalmar ko kaɗan. A rel tirel babu jirgi, ƙarfen ma babu shi. Jirgi ya daina bi, kamfani ya kwance ƙarafunansa ya kwashe katakon da ke ƙarƙashi, abin da ya rage shi ne filin nan dogo siriri da aka daddale tun zamanin kakanni, da gadoji, da ramukan da aka fasa ta cikin duwatsu. Shi ake gyarawa a zuba dakakkiyar tsakuwa ko kwalta a ce masu keke da masu tafiyar ƙasa bismillah, mota da babur kuma a hana su. Akwai wadda ake yi a gefen layin da jirgi ke bi har yanzu, da shinge a tsakani, amma wannan sunanta daban.

Wannan ruɗanin ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na masu sharhi da ke cewa ai Turawa ne suka ƙoshi, suka kashe jirgin ƙasa don su samu wurin wasa da keke. Ba haka abin ya faru ba. Jirgin ne ya riga mutuwa, keke gawa ya tarar. A 1916 Amurka tana da layin dogo kusan mil 254,000, daga nan aka fara gangarowa, manyan motoci suka ƙwace kaya, ƙananan motoci da jirgin sama suka ƙwace fasinja, kamfanoni suka yi ta karyewa, sannan a 1980 aka yi dokar Staggers wadda ta sassauta wa 'yan reluwe, barin layin da ba ya kawo riba ya zama abu mai sauƙi. To a nan gizo ke saƙa, domin da yawa daga filayen nan kamfani bai saya ba, izinin wucewa kawai ya samu a gonakin mutane, ranar da ya ce ya bar layin a hukumance sai fili ya koma hannun masu gona, kowa ya ja shingensa, layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita ya zama guntu-guntu a hannun ɗaruruwan mutane, kuma wallahi ba gwamnatin da za ta iya sake haɗa shi ba tare da shari'a ta cinye ta ba.

Shi ya sa a 1983 majalisar Amurka ta yi wa dokar hanyoyin ƙafa ta 1968 kwaskwarima, ta shigo da abin da za mu iya kira ajiyar layi. A takarda ba a ce an bar layin ba, an ce an ajiye shi ne, jiha ko ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ta karɓi amanarsa tana kula da shi, masu keke suna bi kafin ranar da za a sake bukatar jirgi. Kamar dai ka ba maƙwabci aron filinka ya shuka gyaɗa kafin ka tara kuɗin gini, gyaɗar ba ita ce manufar ba, so kake kada wani ya wayi gari ya zuba bulo. A wajena wannan ita ce ainihin ma'anar kalmar, keke ɗan rakiya ne.

Mu ɗauki Katy, rel tirel ta jihar Missouri a Amurka, ita ce na fi so a misalta da ita. Sunan kamar na mace, amma daga kamfanin Missouri-Kansas-Texas ya fito, mutane suka gajarce shi zuwa K-T, baki ya mai da shi Katy. Yawancin layin yana bin gefen kogin Missouri, kuma kogin nan ba ya raga masa, duk 'yan shekaru sai ya cika ya kwashe wani sashe. A Oktoban 1986 ambaliya ta sake yi masa ɓarna, kamfani ya duba lissafi ya ce ya gaji, ba zai gyara ba. Jihar Missouri ta karɓe shi a ƙarƙashin waccan dokar ta ajiya, wani attajiri Ted Jones da matarsa Pat suka ba da sama da dala miliyan 2, aka buɗe sashen farko a 1990 a wajen Rocheport, ƙauyen da mutanensa ba su kai 300 ba. Shekara 3 kacal ambaliyar 1993 ta zo ta wanke wani babban ɓangare, aka sake gyarawa. Yau tsawonta kusan mil 240, wajen kilomita 386, daga Machens zuwa Clinton, yawancin masu binta daga farko zuwa ƙarshe kwana 4 zuwa 6 suke yi. Kuma ga wani abu da ke burge ni, alamomin mil da ke gefen hanyar har yanzu lambobin reluwe ne na da, shi ya sa a Machens inda take farawa ba za ka ga sifili ba, lissafin ya riga ya wuce 26, domin jirgi daga can wajen St. Louis ya fara ƙirgawa. Hanyar kanta ba ta yarda ta daina zama layin dogo ba.

Ba kwalta ba ce, dakakken farin dutse ne, in rana ta buɗe farar ƙura ta lulluɓe maka sarƙar keke da ƙwauri, in an yi ruwa kuma ta yi laushi taya ya riƙa nutsewa kana taka feda kamar ana riƙe ka ta baya. Amma babu hawa. Wannan shi ne sirrin da ya sa kake ganin tsoho ɗan shekara 70 da jikokinsa a bidiyon. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi, taya ƙarfe ne a kan ƙarfe, santsi zai yi, don haka injiniyoyin da suka shata layin sun fasa dutse sun cike kwari don kada hawan ya wuce kamar mita 2 ko 3 a cikin kowane mita 100. Wahalar da leburori suka sha shekara ɗari da wani abu da suka wuce ita mai keke ke ci yanzu. A Elroy-Sparta ta jihar Wisconsin, wadda ake lissafawa cikin na farko-farko tun shekarun 1960, akwai ramuka 3 a cikin dutse, mafi tsawo ya wuce kilomita 1, dole ka sauka ka tura keke da tocila a hannu ruwa na ɗigo maka a ka.

Su kuma ƙauyukan, jirgin ne ya haife su tun asali, kan jirgi mai gawayi yana bukatar ruwa, manoma suna bukatar tasha, sai garuruwa suka jeru kusa-kusa a kan layin. Da jirgi ya tafi suka bushe. Mai mota wucewa yake da gudu a babban titi, amma mai keke bayan kilomita 20 ko 30 yunwa ta kama shi, yana neman ruwa, yana neman mai faci, dare ya yi yana neman ɗaki. Tsohuwar tashar Sedalia da ta Boonville da ke kan Katy an gyara su suna karɓar baƙi. New Zealand ta yi irin haka da layin Otago mai kilomita 152 da aka buɗe a 2000, Sifaniya ta fara nata tun 1993. Sai dai masu tallata abin suna zuzutawa fiye da kima, gidan kwana biyu da shagon shayi ba su maye gurbin tarago cike da hatsi, kuma in sanyi ya shigo ciniki ya kwanta.

Ajiyar ma ina da ja a kanta. Layukan da aka sake mayar wa jirgi kaɗan ne ƙwarai, mai gyaɗar nan ya zauna daram. Manoman da suka zuba ido fili ya dawo musu suka ga baƙi na wucewa ta bayan gidajensu sun garzaya kotu, a 1990 kotun ƙolin Amurka ta ce dokar tana nan daram amma mai fili zai iya neman diyya, kuma tun daga lokacin gwamnatin tarayya take ta biya. Duk wanda ya ce maka rel tirel abu ne na kyauta da kowa ya yi murna da shi, rabin labarin ya ba ka.

Masu cewa mu ma a yi a nan, a bambance. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957, irinsa ne kalmar za ta hau. Amma layin da ƙarfensa ke shimfiɗe har yanzu, irin na Kano zuwa Nguru ko na Zariya zuwa Kauran Namoda, ko da jirgi ba ya zuwa sai jefi-jefi, jirgi mutanen yankin suke roƙo, ba wurin motsa jiki ba, keke kam suna da shi tun tuni suna kai kaya kasuwa. Ɗan siyasar da ya zo da wannan kalmar a baki yana cewa a kwance ƙarfe a yi hanyar keke, a fara tambayarsa wa zai sayar wa ƙarfen.