Benjamin Mays

Benjamin Elijah Mays malamin jami'a ne kuma limamin cocin Baptist, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya shugabanci Kwalejin Morehouse da ke birnin Atlanta daga 1940 zuwa 1967. Morehouse makarantar maza ce zalla, an kafa ta a 1867 domin 'ya'yan bayin da aka 'yanta, a lokacin da jami'o'in jihohin kudancin ƙasar Amurka ba sa karɓar baƙar fata.

Tasowarsa

An haife shi ranar 1 ga Agusta, 1894, a karkarar jihar South Carolina, ko da yake wasu takardu sun ce 1895. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Iyayensa cikin bauta aka haife su, daga baya suka koma noman auduga a gonar haya. Makarantar ƙauyensu wata huɗu kacal take buɗewa a shekara, sauran lokacin yara na gona. A tarzomar wariyar launin fata ta 1898 a Phoenix, kusa da ƙauyensu, yana ɗan ƙarami, ya ga Turawa bisa dawakai riƙe da bindigogi sun tilasta wa mahaifinsa cire hula da rusuna musu. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba, har ya buɗe tarihin rayuwarsa, Born to Rebel na 1971, da shi.

Mahaifinsa ya so ya zauna a gona, mahaifiyarsa kuwa, wadda ba ta iya karatu ba, ta tsaya masa. Sai a 1916 ya gama sakandare. Ya yi digirin farko a Kwalejin Bates a 1920, ya kuma samu digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1935. Daga 1934 zuwa 1940 shi ne shugaban tsangayar addini ta Jami'ar Howard, kuma a ƙarshen 1936 ya gana da Gandhi a Indiya, inda suka tattauna kan gwagwarmaya ba tare da zubar da jini ba.

Shugabancin Morehouse

Ya tarar da makarantar cikin ƙuncin kuɗi: ana bin ɗalibai bashin kuɗin makaranta ba biya, malamai albashinsu bai taka kara ya karya ba, sannan harkar kuɗinta tana hannun Jami'ar Atlanta. Mays ya matsa kan karɓar kuɗin makaranta ba sani ba sabo, ya dawo da asusun hannun kwalejin, ya shiga neman gudummawa da ɗauko malamai masu digirin digirgir.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa rufe makarantar, domin samarin da za su cika azuzuwa an kwashe su aikin soja. Dabarar da ya yi ita ce karɓar haziƙan yaran da ba su kai ga kammala sakandare ba, muddin sun ci jarrabawar shiga. Ta wannan ƙofa Martin Luther King, wanda daga baya ya zama jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ya shigo a 1944 yana ɗan shekara 15, ya fita a 1948. Kowace Talata da safe Mays kan yi wa ɗalibai jawabi a ɗakin ibada, yana hana su amincewa da wariyar launin fata a zuci ko da doka ta tilasta ta a fili. King yakan biyo shi ofis bayan jawabin su ci gaba da muhawara. Wannan tarbiyya ta Talata ita ce babban aikinsa, fiye da gine-ginen da ya bari.

Shi ya yi addu'ar rufe taron gangamin neman 'yancin baƙar fata na Washington na 1963, shi kuma ya yi jawabin ta'aziyyar King a harabar Morehouse ranar 9 ga Afrilu, 1968.

Bayan ritaya

An zaɓe shi cikin hukumar ilimi ta Atlanta a 1969, ya shugabance ta daga 1970 zuwa 1981, baƙar fata na farko a kujerar. Yarjejeniyar 1973 da ta taƙaita jigilar yara domin cakuɗa baƙaƙe da Turawa a makarantu, a madadin ba baƙaƙe manyan muƙamai, ta sha suka daga uwar ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata.

Ya rasu ranar 28 ga Maris, 1984. Kabarinsa da na matarsa Sadie suna harabar Morehouse. Akwai sakandare mai sunansa a Atlanta, gidan da aka haife shi kuma an mayar da shi garin Greenwood ya zama gidan tarihi.