Dabarun fitar da dokar da ke sauƙaƙa kafa sandika

Dabarun fitar da dokar sandika su ne hanyoyin da ma'aikata da shugabanninsu da 'yan majalisar da ke mara musu baya ke bi dan a samu doka wadda za ta sauƙaƙa kafa ƙungiyar ƙwadago. Abu biyu ne a ciki, me za'a rubuta a dokar, sai kuma ta wace ƙofa za'a shigar da ita har ta fito da sa hannu. Na biyun nan shi ya fi cin rayuwar dokoki, dan kudiri mai kyau yana iya shekara goma a durowa in masu shi basu san inda ake toshe shi ba.

Asalin abin a wajenmu, Kamaru da Chadi

A Kamaru, lokacin mulkin Faransa, sai 1944 aka yarda baƙar fata su kafa sandika, a shekarar ma aka kafa USCC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar sandikokin Kamaru, a Duwala, wadda Ruben Um Nyobe ya riƙe mata sakatare daga baya. Amma babbar dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare ta daɗe tana kwance a majalisar Paris ana ta jan ƙafa. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma suka tsaida aiki gaba ɗaya, 'yan majalisa na Afirka da ke can kuma suna matsawa daga ciki, 15 ga Disamba 1952 doka ta fito, kuma ta shafi Kamaru da Chadi. Dabarar da ta fi tsufa kenan, a haɗa yajin aiki da lokacin da ake muhawara, ba kafin ba ba bayan ba.

Abin da ake nema a sa cikin doka

Kamaru da Chadi duk sun sa hannu kan yarjejeniya ta 87 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya tun 1960, wadda ta ce ma'aikaci zai kafa ƙungiya ba sai ya nemi izini ba. Toh amma a duba dokar ƙwadagon Kamaru ta 14 ga Agusta 1992. Ace masu lodin kaya ne a wani kamfani a Ngaundere, wajen da jirgin ƙasa ke sauke kaya manyan motoci su ɗauka zuwa Kuseri da Njamena, suna son sandika. Dole mutum 20 su sa hannu a takardar nema (masu kamfani 5 kawai ake nema, a lura da wannan), a haɗa da dokokin ƙungiya a kai wa magatakardan rajista, shi kuma yana da kwana 30, in ya yi shiru har suka wuce doka ta ɗauka an yi rajista. Wannan sharaɗin na shiru yana da kyau sosai, ƙasashe da yawa basu da shi. Matsalar tana sashe na 6, da ya ce wanda ya yi aiki da sunan sandikar da bata samu takardar rajista ba ana iya gurfanar da shi a kotu, kenan daga ranar da aka fara tara sunaye zuwa ranar da takarda ta fito mutanen nan 20 suna tsakiyar rana, patoro ya ji labari yana iya samo wa jagoransu laifi ya sallame shi, sauran kuma kowa ya kama bakinsa dan akwai iyali a gida. Delegen ma'aikata shi yana da kariya, ba'a korarsa sai inspektan aiki ya yarda, shi yasa masu neman gyara ke cewa irin wannan kariyar a miƙa ta ga masu kafa sandika tun ranar farko. Ga kuma dokar 18 ga Nuwamba 1968 da ta sa sandikar ma'aikatan gwamnati, harda malaman makaranta, sai ministan cikin gida ya amince. Kwamitin ƙwararru na ƙungiyar ƙwadago ta duniya a Janiba ya sha neman a gyara waɗannan wurare biyu, sashe na 6 da dokar 1968.

A Amurka rigimar daban ce, can galibi sai an yi zaɓe a wajen aiki kafin a amince da sandika kuma kamfani na samun makonni yana tsorata mutane, dan haka abin da ake nema shi ne in mafi yawan ma'aikata sun sa hannu a kati a amince da su nan take, da tara mai zafi ga wanda ya kori mai haɗa kan ma'aikata.

Ƙofofin da ake bi

Amurka ce wajen da aka fi ganin yadda rinjaye kaɗai baya isa. Dokar Wagner, wadda ta kare 'yancin kafa sandika, ta wuce a 1935, dokar Taft-Hartley ta rage mata ƙarfi a 1947 duk da shugaba Truman ya ƙi sa hannu. A 1978 gyara ya faɗi a majalisar dattawa da ƙuri'a 58 alhali 60 ake nema dan a rufe muhawara. A 2007 dokar kati ta wuce majalisar wakilai 241 da 185, ta zo dattawa ta samu 51 ta tsaya. PRO Act, wani kudirin kare masu kafa sandika, ma ta wuce wakilai a 2020 da 2021, nan ta maƙale. Shi yasa masu neman gyara suka koma zagaye, a 2021 an cusa batun tara cikin kudirin kasafi tunda shi baya buƙatar 60, shi ma bai kai ba, wasu suka koma jihohi, Michigan ta soke dokarta mai raunana sandika a 2023, hukumar ƙwadago kuma ta sauƙaƙa amincewa da kati ta hanyar hukuncin da ta yanke kan kamfanin Cemex a shekarar. Sai dai abin da hukuma ta bayar wata hukumar na iya karɓewa in gwamnati ta canza. Ingila ta bi hanyar alƙawarin zaɓe, jam'iyyar Leba ta sa batun cikin manufofinta a 1997, doka ta fito 1999.

A Kamaru lissafin ba haka yake ba sam. Majalisa na da kujera 180, yankunan arewa uku na da 51 a ciki, tana zama Maris da Yuni da Nuwamba, amma kusan duk dokar da ke wucewa daga gwamnati take zuwa, kudirin da depite ya kawo da kansa da wuya ya kai zauren muhawara. Dan haka sandikar da ta ɓata ƙarfinta wajen lallashin depitoci tana shuka ne a idon makwarwa, aikin gaske yana ma'aikatar ƙwadago da kwamitin shawara na ƙasa inda gwamnati da masu kamfani da ma'aikata ke zama tare kan daftari. Nan kuma rarrabuwa ke cutarwa, tun bayan da aka bar tsarin ƙungiya ɗaya a farkon shekarun 1990 manyan ƙungiyoyi sun yi yawa, CSTC da USLC da sauransu, in kowa ya zo da takardarsa daban minista ya samu dalilin ajiye su duka. Kuma ko doka ta fito sai an bi diddigin dikirin aiwatarwa, in babu shi sashen kwance yake.

Chadi na da dokar ƙwadago ta 11 ga Disamba 1996, amma UST, babbar ƙungiyar sandikokin ƙasar, da sauran ƙungiyoyin Njamena rabin ƙarfinsu ya tafi wajen kare abin da ke hannu. Dokar 2007 kan yajin aikin ma'aikatan gwamnati an ƙara ɗaure ta a ƙarshen 2016 ana tsakiyar rigimar matakan tsuke bakin aljihu, aka ce kwanakin yaji ba biya.

Wani giɓin kuma shi ne dokokin nan an yi su ne dan mai albashi da patoro, alhali a Garwa da Marwa yawancin masu neman abinci 'yan acaba ne da mahauta da teloli da 'yan dako. Da yawansu suna fakewa ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta Disamba 1990 ko ta GIC, wato ƙungiyoyin haɗa kai na sana'a, ta 1992, waɗanda ba dan ciniki kan lada aka rubuta su ba. Shawara ta 204 da aka zartar a Janiba a 2015 ta ce 'yancin ƙungiya ya haɗa da irin waɗannan ma'aikata, ita ce hujjar da ake ɗauka a kai teburin kwamiti in ana neman faɗaɗa ma'anar ma'aikaci a doka.