Na'urar Neman Zinare da Dokar Ma'adinai: Abin da Ya Kamata Mai Sha'awa a Jos Ya Sani

A dokar Najeriya babu gurbin da aka ware wa mai neman zinare don sha'awa. Saurayin da ya rataya na'ura ranar Asabar ya fita bayan Bukuru don ya sha iska, da kamfanin da ya shigo da katafila da manyan motoci, doka guda ce ta hau kansu. Na sa wannan a gaba ne domin na'urar ta shiga ran samarinmu, kuma yawancin masu sha'awarta a bidiyo suka fara ganinta: Bature a dajin Ostireliya yana lilo da faifan na'ura a saman jar ƙasa, ta yi ƙara, ya tona, ya ɗago ɗan curin zinare yana murna. Wasu kuma labarin Jado ne ya ja su, tun 2014 da aka ga zinare a arewacin Nijar, matasa suka yi ta kwarara can ta Agadas da irin waɗannan na'urori.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne takardar da ke aljihun Baturen. A jihar Biktoriya ta Ostireliya akwai izini na musamman na masu sha'awa, ana sayensa da kuɗi kaɗan, yana aiki shekara 10, kuma abin da mutum ya tsinta da kayan hannu a wuraren da aka yarje nasa ne. Mu ba mu da irinsa.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 44, ƙaramin sashe na 3. Can aka ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa, ko ƙarƙashinta, ko a samanta, a ko'ina a Najeriya, mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ta maimaita haka a sashenta na 1, sannan a sashe na 2 ta ce babu wanda zai nemi ma'adini ko ya haƙe shi sai ta hanyar da dokar ta tsara. A lura, neman ma kansa an ambace shi. Ba sai ka samu wani abu ba, ba sai ka sayar ba. Dokar ba ta tsaya kan kayan aikin da ke hannunka ba, aikin da kake yi da su take kallo. Wanda ya ɗauki na'ura yana laluben zoben matarsa da ya faɗi a tsakar gida, ko maginin da ke neman inda bututun ruwa ya bi, ba ruwansu da wannan doka. Ranar da niyya ta koma neman zinare a cikin ƙasa, an shigo hurumin Tarayya.

Inda mutane suka fi yin gardama shi ne gonar gado. Mutum zai ce gonar nan tun kakansa ake nomanta, yana da takardar mallaka mai sa hannun gwamna, wa zai hana shi tona abinsa? Takardar nan, wadda ake bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, damar zama da noma da gini ta ba ka. Ba ta sauka ƙasa ta haɗa da ma'adini ba. Gwamnan da ya sa mata hannu shi ma ba shi da ikon ba ka zinaren, balle hakimi ko mai unguwa, domin ma'adinai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Rangwame ɗaya dokar 2007 ta yi wa al'ada: ɗan ƙasa zai iya ci gaba da ɗibar gishiri, kanwa da dutsen tozali a inda mutanen garinsu suka saba ɗiba tun kafin dokar. Zinare ba ya cikin wannan rangwame, kuza ma haka.

To ta ina mai sha'awa zai shiga? Lasisi iri shida dokar ta tanada, duka daga Ofishin Rajistar Filayen Ma'adinai, wato MCO, mai hedikwata a Abuja, kuma tun 2022 ana cike takardun nema ta intanet. Mafi ƙanƙanta shi ne izinin leƙen fili, wanda a takardun ofis ake taƙaita shi da RP. Ɗan Najeriya baligi mai hankali wanda kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba zai iya nema da sunansa, ba sai ya buɗe kamfani ba. Shekara 1 yake yi, ana sabunta shi, ba a sayar da shi ga wani, kuma bai hana a ba wasu irinsa a fili ɗaya ba. Yana ba ka damar shiga fili ka dudduba, ka ɗauki ɗan samfur daga saman ƙasa. Amma ya hana tono, ya hana huda ƙasa.

A nan matsalar mai na'ura take, kuma ina so a tsaya a kalle ta da kyau. Na'urar ba ta ganin zinare. Faifanta yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai sautin da ke kunnenka ya canza. Ƙusa ce, murfin kwalba ne, guntun garma ne, ko zinare, ba ka da tabbas sai ka tona. Mai na'ura yana tafe a hankali, faifai na shafar ciyawa, sautin ya ɗaga, ya dawo baya ya sake bi ta wurin, ya share tsakuwa da ƙafa, hannunsa ya kai ga diga. Daidai wannan lokacin izinin leƙen fili ya ƙare aikinsa. Wato takardar da ta fi sauƙin samu ba ta rufe rabin aikin da aka sayi na'urar dominsa ba.

Wanda ke son tono sai ya hau mataki na gaba. Lasisin bincike, EL, na shekara 3 ne, ana iya ƙara shekara 2 sau biyu, filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 200, kuma harka ce ta masu jari. Wanda ya fi kusa da talaka shi ne lasisin ƙananan masu haƙa, SSML: fili daga eka 5 zuwa murabba'in kilomita 3, na shekara 5, ana ba ɗaiɗaikun 'yan ƙasa da ƙungiyoyin gama-kai. Kowanne ka nema sai ka nuna kana da kuɗin aiki da ƙwararren da zai tsaya maka. In filin na wani ne, sashe na 100 ya ce a sanar da mai shi a nemi yardarsa, in bai yarda ba a cire filinsa daga lasisin. Yardar mai gona sharaɗi ce, amma ita kaɗai ba lasisi ba ce, kuma a nan da yawa suke ruɗuwa: sun biya mai gona, sun gaida mai gari, sun ɗauka magana ta ƙare. Sannan ofishin yana bin ƙa'idar wanda ya riga nema shi ake ba. Dajin da ka gani shiru babu kowa, mai yiwuwa a taswirar MCO sunan wani kamfani ne a kansa, kuma izinin leƙen fili ba ya aiki a filin da aka riga aka ba wani.

Akwai wuraren da ko da lasisi ba a taɓa su. Sashe na 3 ya fitar da filin soja, cikin gari, ƙauye, kasuwa, maƙabarta, wuraren tsafi da na kakanni, wuraren tarihi, da gandun dajin ƙasa. Ya kuma hana matsawa kusa da mita 50 daga layin dogo, titin gwamnati, dam, ginin gwamnati ko bututun mai.

Ko an tsinci zinaren, riƙe shi wata magana ce daban. Doka ta hana mutum ajiye ɗanyen ma'adini sai in daga filin lasisinsa ya fito, ko yana da izinin saye da ajiyewa. An keɓe ɗan samfurin da aka ajiye tsakani da Allah don karatu ko nazarin duwatsu, irin na ɗaliban Jami'ar Jos. Garin zinare da aka ƙulle a leda za a kai wa maƙerin zinare a kasuwa bai shiga wannan keɓewa ba, kuma mai sayen ma yana cikin laifi in ba shi da nasa izinin.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Sashe na 131 ya lissafa laifuffukan, na farkonsu bincike ko haƙa ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 133 kuma ya ambaci tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba da ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba. Akwai kuma tsohuwar Dokar Laifuffuka Daban-daban ta zamanin soja, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da masu haƙa da ita, hukuncinta na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Da can mutane na cewa doka tana takarda, daji kuma babu mai zuwa. A watan Maris na 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai sama da 2,000 daga cikin jami'an Sibil Difens, aikinsu ke nan. A nan Filato kuma, a watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar saboda tsaro. Jami'in da ya tarar da kai a bakin rami da na'ura da diga ba zai karanta zuciyarka ya ga sha'awa ce ta kawo ka ba.

Ni a ganina dokar ta yi tsauri ga ƙaramin mutum, kuma ya kamata majalisa ta buɗe ƙofa mai araha ga mai kayan hannu, a wuraren da aka keɓe, da sharaɗin ya cike ramin da ya tona. Amma ba zan ce tsaurin ba shi da dalili ba. Zinaren ƙasar nan yawancinsa gari ne a cikin farin dutse, ba curi ba, a yankunan Anka da Maru a Zamfara, Birnin Gwari a Kaduna, Yawuri a Kebbi, sassan jihar Neja, da Ilesha a Osun. Sai an fasa dutsen, an niƙa, an wanke, an kama shi da zaiba. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Waɗanda suka kai dutsen gida ba mugaye ba ne, abinci suke nema, kuma babu wanda ya gwada musu dutsen kafin su fara.

Sai maganar ƙasarmu ta Jos. Arzikin duwatsun nan kuza ne da kolumbait (wani baƙin ma'adini da ake samu tare da kuza), shi ya kawo Turawa tun farkon ƙarni na 20, shi ya bar mana kududdufan Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Har gobe za ka ga mata a bakin ruwa suna juya kwano, yashi mai sauƙi na tafiya, baƙin mai nauyi na zama a gindi. Wannan aikin ruwa ne da haƙuri, na'ura ba ta da abin yi a ciki. Kuma tsofaffin filayen kuza cike suke da rijiyoyin da ciyawa ta rufe bakinsu, ga mutum yana tafe idonsa a kan faifai, kunnuwansa a toshe.

Abin da na'ura za ta fi tono wa mutum a yankinmu shi ne tsohon ƙarfe: kan mashi, munduwa, kashin maƙera. Nan kuma wata doka ce ke jira, ta Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta 1979. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da gumakan yumɓu na mutanen da a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna a 1928, Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bi diddiginsu, aka buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952, daga baya a Taruga kusa da Abuja aka gano wurin narka ƙarfe na mutanen Nok mai shekara sama da 2,000. Dokar ta ɗauki kayan sana'ar hannu da aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ta hana tona ƙasa don nemansu sai da izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha, ta hana sayar da su ga kowa sai hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini. Wanda ya ci karo da irinsu ba da niyya ba, kwana 7 aka ba shi ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa, ya faɗi wurin da yadda aka yi. Kada ya wanke abin, kada ya ci gaba da tono, domin zurfin da aka same shi da abin da ke kewaye da shi su ne ke gaya wa masana shekarunsa.

Wanda zinaren yake so da gaske, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ƙungiyar gama-kai. Ma'aikatar Ma'adinai tana da sashen ƙananan masu haƙa da ke yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi rajista, kuma kuɗin lasisi da na ƙwararre in aka raba wa mutum goma ko ashirin yana ɗaukuwa. Kafin a kashe ko kwabo a kan na'ura, a ɗauki lambobin taswirar filin da waya, a kai ofishin jami'in ma'adinai na Tarayya da ke Jos, a tambaya ko akwai sunan wani a kansa, a kuma tambayi matsayin umarnin gwamna na dakatar da haƙa a ƙaramar hukumar da filin yake.