'Yan Doka a Ƙasar Katsina

'Yan doka su ne 'yan sandan Hukumar Gargajiya, wato En'e, waɗanda suka riƙe aikin tsaro a masarautun Arewa zamanin Turawa da lokacin Jamhuriya ta Farko. A Katsina da Daura, kamar sauran masarautu, umarnin sarki da majalisarsa suke bi, albashinsu kuma daga baitulmalin En'e yake fitowa. Daban suke da 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗa rundunarsu ta Arewa da ta Kudu a 1930 ta zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya. Gwamnatin soja ce ta rushe su bayan juyin mulkin 1966.

Asali

Kafin Turawa su shigo Katsina a 1903, dogarai ne ke wannan aiki a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ke kamo mai laifi, su kai sammaci, su zartar da bulalar da alƙali ya yanke, su kuma tsare sarki. Wanda aka ɗaure yana hannun Yari. Har yau ana ganin dogarai ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, cikin riga ja da kore, sun kewaye dokin sarki suna "Hattara!", sai dai aikinsu ya tsaya a hidimar fada.

Ƙarfin wannan tsari a sanin jama'a yake. Baƙo ba ya kwana a unguwa sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa. Akuyar da ta ɓata gidan mai unguwa ake kai ta, a yi cigiya. Labari yakan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ya kai fada. Da wuya ɓarawon shanu ya ratsa gunduma da garke ba a san inda ya shayar da su ba.

Turawa sun yi mulki ta hannun sarakuna, don haka suka bar dogarai. Daga shekarun 1920 aka fara ware wata runduna, aka ɗinka mata kaki, aka koya mata fareti da rubuta rahoto. Dogarai da yawa bayin sarki ne, saboda haka aka riƙa ɗora 'ya'yan sarauta a shugabancin sabuwar rundunar don ta yi kwarjini. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ɗansa Usman Nagogo ya zama shugaban 'yan doka a 1929. Daga nan ya zama Magajin Gari a 1937, sannan ya gaji mahaifinsa a 1944. Ɗan doka da kulkinsa yakan yi sintiri a kasuwa, ya raka masu karɓar haraji da jangali, ya kai wanda ake tuhuma gaban alƙali.

Zamanin siyasa

A nan ne sunan 'yan doka ya ɓaci, kuma bai kamata a rufe wannan babi ba. Bayan kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, adawa da tsarin En'e ta bazu har ƙasar Katsina, su kuwa sarakuna da ma'aikatan En'e galibinsu suna tare da NPC, jam'iyyar da ta riƙe mulkin Arewa. Matsalar a ginin tsarin take. Hukuma ɗaya ce ke ba da izinin yin lacca, ita ke da ɗan dokan da zai yi kamu, ita ke naɗa alƙalin da zai yi shari'a, gidan yarin ma nata ne, ga shi lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali. Talakan da aka kama da laifin taro ba izini ko zagin hakimi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa wadda ba ta En'e ba. An ɗaure 'yan adawa da dama a faɗin Arewa ta wannan hanya. Hukumar Willink, wadda ta binciki koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 cewa aikin 'yan sanda ya taru a hannun tarayya.

Dattawan da ke yabon zamanin 'yan doka saboda ana kwana ƙofa a buɗe ba ƙarya suka yi ba. Waɗanda iyayensu suka sha ankwa saboda katin jam'iyya su ma gaskiya suka faɗa.

Rushewa

A 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir don duba 'yan sanda da gidajen yarin En'e. Gwamnan soja na Jihar Arewa a lokacin shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su da na tarayya. A 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun tarayya, kotunan yanki suka maye gurbin kotunan alƙalai, aka kuma shiga tace 'yan doka ana ɗaukar waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Katsinawa biyu sun riƙe wannan runduna a matsayin Sufeto Janar: M. D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979, da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999.

Giɓin da aka bari

Haɗewar ta raba ɗan sanda da fada, amma ta kuma raba shi da mai unguwa. Jami'in da aka turo daga nesa bai san hanyoyin dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga a yammacin Katsina, ba, bai san wa ke kai wa 'yan bindiga mai da burodi ba. Ƙananan hukumomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disamba 2024 ya nuna Arewa maso Yamma ce kan gaba a yawan laifuffuka, kuma a faɗin ƙasa gidajen da aka yi wa fashi suka kai ƙara wurin 'yan sanda ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Laifin da bai isa caji ofis ba ba ya shiga kundin 'yan sanda, shi ya sa alƙaluman hukuma ke gaza abin da mutanen karkara ke gani.

'Yan sa-kai sun yi ƙoƙarin cike giɓin, amma kashe-kashen da wasunsu suka yi wa Fulani ba shari'a sun ƙara rura wutar ramuwar gayya. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda ake kira C-Watch, ya ɗebi matasa daga garuruwan da abin ya shafa don su yi aiki tare da 'yan sanda da sojoji. A Maris na shekarar aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Batun 'yan sandan jiha kuwa yana buƙatar a taɓa sashe na 214, kuma hujjar masu adawa da shi ita ce abin da 'yan doka suka yi wa 'yan NEPU: in gwamna ne ke ɗauka, shi ke biya, shi ke kora, wanda aka kama ranar zaɓe wurin wa zai kai kuka?