Wane Kuɗi Ake Tarawa da Wane? Abin da IAS 2 da IFRS 18 Suka Ce

Idan ka buɗe manhajar lissafi ta babban kamfani, irin su SAP ko Oracle, za ka tarar da wani tsari mai kama da bishiya. Can ƙasa akwai ƙananan wuraren da kuɗi ke fita, waɗanda akantoci ke kira cibiyoyin kashe kuɗi: layin injin kaza, sito, sashen gyara, ofishin talla. Kowace cibiya tana rataye a jikin wani reshe, reshen yana jikin wanda ya fi shi, har a kai ga kamfanin gaba ɗaya. Manhaja ba ta tambaya. Duk abin da aka rataya mata a reshe, shi za ta tara ta hau da shi sama. A SAP ma akwai bishiya ɗaya da dole kowace cibiya ta samu gurbi a cikinta, sau ɗaya tak, don kada wani kuɗi ya salwanta ko a ƙirga shi sau biyu.

Sau da yawa akan bar shirya wannan bishiya a hannun ma'aikatan kwamfuta, su kuma su kwafi tsarin shugabancin kamfani: wane yana ƙarƙashin wane. Wannan yana damuna ƙwarai, domin inda aka rataya cibiya shi ke nuna ko kamfani ya bi ƙa'ida ko ya taka ta. Ƙa'idoji biyu ne suka fi shafar lamarin, duka a hannun hukumar IASB da ke Landan, wadda ke tsara ma'aunan lissafi na ƙasa da ƙasa tun 2001.

Ta farko ita ce IAS 2, mai magana a kan haja. Ta ce darajar hajar da ke hannun kamfani ta ƙunshi kuɗin sayen kayan, da kuɗin sarrafa su, da duk abin da aka kashe har suka iso inda suke a halin da suke. Sannan ta ware abubuwan da ba su da shiga: ɓarnar da ta wuce kima, kuɗin talla da sayarwa, kuɗin gudanarwa da bai taimaka wajen samar da kayan ba, da kuɗin ajiya, sai fa idan ajiyar wani mataki ne na dole kafin kayan su wuce zuwa aiki na gaba. Waɗannan ana cire su daga ribar lokacin da aka kashe su, nan take.

Dubi yadda abin ke faruwa a aikace. A ce kamfanin fenti yana da sito biyu. A na farko ake barin haɗin ya kwanta kafin a zuba shi a gwangwani, na biyu kuma nan ake jera gwangwanayen da aka gama suna jiran mai saye. Mutum ɗaya ne ke kula da su biyun, saboda haka aka sa su ƙarƙashin reshe ɗaya mai suna "Sito", aka rataya reshen a jikin "Masana'anta". Ƙarshen wata ya zo, akanta ta danna "Masana'anta", jimla ta fito, aka raba ta a kan kayan da aka yi. Lissafi ya daidaita, babu jan layi ko ɗaya a allon kwamfuta. Amma hayar sito na biyu da wutarsa da albashin masu gadinsa duk sun shige cikin darajar haja, alhali ƙa'ida ta ce a cire su daga riba. Muddin kayan suna sito, ribar kamfani za ta fito ta fi yadda take. Ba wanda ya yi niyyar maguɗi. Layi ɗaya ne aka ajiye inda bai dace ba.

Inda na fi so a tsaya shi ne batun adadin kayan da aka yi, domin nan ne aka fi sakaci. Akwai kuɗaɗen masana'anta da ba sa motsi ko an yi aiki da yawa ko kaɗan: hayar gini, raguwar darajar injina, albashin masu kula da masana'antar. IAS 2 ta ce a raba su bisa abin da masana'anta ta saba fitarwa, wato matsakaicin abin da ake sa ran za ta yi a tsawon lokuta da dama idan komai na tafiya daidai, har da la'akari da ranakun da aka tsara tsayawa don gyara.

Ga misali da lambobi, a kowane irin kuɗi. Masana'anta ta saba yin gwangwani 100,000 a wata, kuɗaɗenta marasa motsi kuma 500,000 ne. Kowane gwangwani ya ɗauki 5. Sai wani wata aiki ya ja baya, aka yi 60,000 kacal. Mai gaggawa zai raba 500,000 a kan 60,000, kowane gwangwani ya ɗauki sama da 8. Ƙa'ida ta hana haka. Gwangwani yana nan a kan 5, wato 300,000 ne za su shiga haja, ragowar 200,000 kuma a cire su daga ribar watan, domin kuɗin zaman banzan injina ne, bai ƙara wa fentin komai ba. Idan kuwa aiki ya bunƙasa fiye da saba har aka yi 125,000, to a nan sai a sauke rabon zuwa 4, don kada a rubuta haja sama da abin da aka kashe mata.

To ta yaya manhaja za ta san 60,000 aka yi? Sai idan adadi yana hawa bishiyar kamar yadda kuɗi ke hawa. Kuɗi yana da sauƙin tarawa, adadi kuwa yana da gardama. Lita ba ta haɗuwa da kilo, awannin inji ba sa haɗuwa da awannin ma'aikaci. Reshen da aka cusa wa layin da ke ƙirga lita da wanda ke ƙirga kwali, jimlar kuɗinsa za ta fito lafiya, amma adadinsa ba shi da ma'ana, kuma duk rabon da aka gina a kansa ya ruguje. Shi ya sa kafin a haɗa cibiyoyi biyu ya kamata a tambaya: da wane ma'auni kowace ke ƙirga aikinta?

Haka ma wajen rage darajar hajar da ta faɗi a kasuwa. Ana duba kaya ɗaya bayan ɗaya, ko a haɗa masu kama da juna. Ba a yarda a dubi "kayan da aka gama" gaba ɗaya a ce ribar wannan ta rufe faɗuwar wancan ba.

Ƙa'ida ta biyu sabuwa ce. An fitar da IFRS 18 a watan Afrilun 2024, za ta maye gurbin IAS 1, ƙa'idar da ke tsara yadda ake gabatar da bayanan kuɗin kamfani, kuma za ta fara aiki a kan shekarun lissafi da suka fara daga 1 ga Janairun 2027. Ta raba abin da ke cikin bayanin riba da asara gida biyar: harkar yau da kullum, zuba jari, samo kuɗin gudanarwa, harajin riba, da harkokin da aka daina. Game da tarawa, maganarta a fili take. A haɗa abubuwan da suka yi tarayya a wata siffa, a raba waɗanda suka bambanta, kuma kada a binne bayani mai muhimmanci a cikin jimla. Har kalmar "sauransu" ta taɓo: ba a amfani da ita sai an rasa sunan da ya fi ta bayani. Duk wanda ya taɓa ganin reshen "Sauran kuɗaɗe" yana kumbura shekara bayan shekara, saboda nan ake jefa duk abin da aka rasa gidansa, ya san dalilin wannan sharaɗi. A ganina gyara ne da ya dace, domin mai hannun jari yana da haƙƙin sanin inda dukiyarsa ta tafi.

Akwai wani sashe da zai tilasta wa kamfanoni da yawa sake zama a kan manhajarsu. Kamfanin da ke nuna kuɗaɗensa bisa aikin da suka yi, kamar kuɗin kayan da aka sayar ko kuɗin gudanarwa, dole ya ƙara bayani a wuri ɗaya a kan abubuwa biyar: raguwar darajar kadarori na zahiri, raguwar darajar kadarorin da ba na zahiri ba, kamar lasisi, haƙƙoƙin ma'aikata, asarar faɗuwar darajar kadara, da rage darajar haja. Zai kuma nuna nawa ne daga cikinsu ya shiga kowane layi. Wato kuɗi ɗaya sai an iya kallonsa ta fuska biyu, wane aiki ya yi, kuma wane iri ne. Bishiya ɗaya ba za ta wadatar ba. Ana buƙatar ta cibiyoyi da ta nau'o'in kuɗi, kuma idan aka kwashe kuɗin sashen gyara aka raba wa layukan aiki, kada asalinsa ya ɓace a hanya. A iya gane cewa kaza daga ciki albashi ne.

Shekarar 2027 ma ba ita ce farkon aikin ba. Ƙa'idar ta ce a sake jera alƙaluman shekarar da ta gabata bisa sabon tsari don a kwatanta, saboda haka kamfanin da shekararsa ke farawa a Janairu zai nuna na 2026 a sabon fasali, ya kuma bayyana yadda kowane layi ya tashi daga tsohon tsari zuwa sabo. Idan za a sauya wa cibiya reshe, a sa ranar da sauyin ya fara, a bar tsohuwar bishiyar a ajiye yadda take. Odita zai nemi ganin duka biyun.